Daɓen Ƙofar Gidan Ɗan'azumi

Masai ya fara dawo da kaya a gidan Alhaji Ɗan'azumi da ke Agege a tsakiyar damina, shekara ta biyu da soja suka koma bariki. Da farko in an zuba ruwa sai ya tsaya yana juyawa kafin ya wuce. Daga baya ya daina wucewa gaba ɗaya. Gidan irin na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, masai biyu a ƙarshen lungu, kowa nan yake zuwa. Matarsa Iyatu ce ta fara kawo masa maganar. Ta ce matan gida sun koma kai yaransu maƙwabta, ita kuma ta gaji da ba mutane haƙuri a madadinsa.

Ya ce mata wannan ba abin tayar da hankali ba ne. A garinsu, can ƙasar Gwarzo, in masai ya cika gishiri ake zuba masa ya sauka. Ya sa aka kawo buhu guda aka juye. Bai sauka ba. Ya ƙara da kalanzir. Wani ya ce a jefa tsofaffin batura, aka jefa. Abin da aka samu kawai shi ne warin ya canza, ya zama na masai da kalanzir a haɗe.

Shi Ɗan'azumi ɗan goro ne. Bai yi boko ba, na allon ma bai yi nisa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Da dako ya fara a Legas, ya koma ɗaurin huhun goro, har ya zama mai sayen nasa yana lodawa Arewa. Mutum ne da in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya janye ta. Gidan a hannun magada ya saye shi, 'ya'yan wani Bayarabe da ya rasu. Suka karɓi abinsu suka watse, ba wanda ya tsaya ya zagaya da shi ya ce ga kaza ga kaza.

A ƙofar gidan, tsakanin bango da kwata, ya tarar da wani daɓen siminti mai faɗi, ya ɗan ɗara ƙasa tudu, ruwan sama ba ya kwanciya a kai. Ranar da ya gan shi ya ce wannan wurin salla ne. Akwai wasu 'yan murafu biyu a jikin daɓen, da wani bututu a tsaye daga gefe. Ya kira wani ɗan garinsu da ya zo ci-rani yana taɓa aikin birkila, ya sa shi ya bi kai da sabon siminti ya shafe komai sumul. Bututun kuma aka cika bakinsa da kankare don ya yi ƙarfi, aka ɗaura masa lasifika. Aka ja gajeren bango, aka buga kwano, aka shimfiɗa kafet.

Tun daga nan wurin ya zama masallacin Ɗan'azumi. Bai taɓa yarda a yi masa karo-karo ba. Kwan fitila, butoci, kafet in ya tsufa, duk shi ne. Wurin tsayuwarsa bayan liman daidai, ba mai taka masa. In ana hirar littattafai ba ya sa baki, amma da an zo maganar wanda ya yi wa addini wani abu a layin, sai ka ji ya yi gyaran murya.

To da farar hula suka dawo, ƙaramar hukuma ta samu ciyaman na zaɓe, shi kuma ya taso 'yan duba-gari, waɗanda Yarabawa ke ce wa wole-wole, suka dawo shiga gida-gida da kakinsu. Wani a cikin maƙwabta ya kai ƙarar wari. Wanda aka turo ran Litinin da safe Ridwanu ne, ɗan Malam Sale ladanin masallacin. Su haifaffun Legas ne, kakansu soja ne tun zamanin Turawa. Daga Idi-Araba suka dawo layin, lokacin masallaci ya daɗe da ginuwa.

Ridwanu ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda ya saba, ya shiga ya duba masan, ya fito yana goge hannu. Ya tambaya ina sokawen gidan yake. Ɗan'azumi ya ce shi bai san wani sokawe ba. Ridwanu ya ce ramin da ƙazanta ke taruwa.

"Rami yana ƙarƙashin masai mana. A ina kake so ya kasance, a ɗakina?"

Ridwanu ya yi masa bayani a hankali. Ya ce wancan ginin gida ne na Arewa, rami a ƙasa, baki a sama. Irin gidajen nan kuwa ba rami a ƙarƙashin masai. Bututu ne ke ɗaukar kayan ya kai su wani babban ɗaki da aka gina a cikin ƙasa, kuma yawanci kusa da titi ake yinsa don motar kwasa ta iya kaiwa. Ɗan'azumi ya ce to ya nemo shi, tunda shi ne mai takarda.

Ridwanu ya bi bututun ta jikin bango, yana sunkuyawa yana share ƙasa da ƙafa. Ya bi shi ta lungu, ya fito waje da shi, har inda ya nutse a gindin bangon masallaci. Nan ya tsaya. Ya cire takalmi ya shiga, ya ɗaga gefen kafet, ya ƙwanƙwasa daɓen da dutse. Ya fito ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sandar lasifika.

"Baba Alhaji, mu ɗan koma gefe."

"Faɗi a nan. Ni ba na raɗa a ƙofar gidana."

Ridwanu ya waiga. Ba kowa kusa sai mai shayi can nesa yana wanke kofuna.

"Baba, ga sokawenka nan. Masallacin a kansa yake zaune."

Ɗan'azumi ya zage shi. Ya ce boko ne ya ɓata shi, da zaman cikin Yarabawa, har zai dubi ɗakin Allah ya kira shi shadda. Ya ce ba don darajar tsohonsa ba da sai ya mare shi a cikin kakin. Ridwanu bai rama ba. Miƙa masa dutsen kawai ya yi. Ya ce ya bugi ƙasar bakin kwata, sannan ya shiga ya bugi daɓen.

Ɗan'azumi ya bugi ƙasa, ta amsa a mace. Ya shiga ya bugi daɓe, ya ji sautin ya tafi ƙasa ya dawo, kamar an bugi babban tulu. Ya matsa gaba ya sake bugawa, ya matsa wajen liman ya sake. Ko'ina haka. Sai ya ajiye dutsen ya zauna a kan gajeren bangon, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

Ridwanu ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa. Ya ce dole a fasa murafun da aka shafe, a kawo mota ta kwashe, in ba haka ba ƙaramar hukuma za ta rufe gidan. Amma ba rufewar ce ta dame shi ba. Bututun nan da aka toshe aka ɗaura wa lasifika, ta nan ramin ke numfashi. Shekarun nan duk iskar tana ciki tana cin simintin da rodin ta ƙasa. Shi ba zai iya rantsuwa daɓen zai ci gaba da ɗaukar mutane ba. Ga shi ran Asabar bayan azahar za a ɗaura auren Kalsum, 'yar Idi ɗan haya a gidan, ango direban babbar mota ne a Ketu, kuma kowa ya san yadda 'yan lodin mota ke cika wuri in nasu ne ke aure.

"Ban rubuta komai ba tukuna," in ji Ridwanu. "Gara su ji daga bakinka. Amma ka tuna, Baba, tsohona a wurin nan yake tsayawa kullum."

Ɗan'azumi ya tambaya ko motar za ta iya zuwa bayan kowa ya kwanta. Ridwanu ya ce injinta ya fi janareto ƙara, warin kuma sai ya kai bakin kasuwa, kuma bayan an kwashe ba za a mayar da kafet a kai ba. Ya sa takalminsa ya tafi.

Da aka kira azahar Ɗan'azumi ya yi alwala ya shiga kamar kullum. Da ya kai goshinsa ƙasa sai ya kasa cewa komai. Abin da yake tunawa kawai, tsakaninsa da abin da ya fito daga cikin 'yan hayarsa ɗan siminti ne da kafet. Mutumin da ke damansa mai jiki ne, in zai yi sujada faɗuwa yake yi da gwiwa. Kowace faɗuwa Ɗan'azumi sai ya ji ta a cikinsa.

La'asar ya makara da gangan, ya tsaya can ƙarshen sahu, inda daɓen ya haɗu da ƙasa. Malam Sale ya hango shi ya ce Alhaji ya matso wurinsa. Mutane suka dare suka buɗe masa hanya, wani har yana jan hannun rigarsa. Haka aka kai shi tsakiya da girmamawa, ya tsaya bayan liman yana gumi.

Da yamma ya zaɓi goro mai kyau, farare manya, ya aika gidan su Ridwanu, ya ce a ba shi hannu da hannu. Kafin magariba goron ya dawo a ganyensa, ko kwance shi ba a yi ba.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi sakatariya wajen kansila Mahbub. Mutanen layin ne suka tsaya masa lokacin zaɓe, a ƙofar gidan Ɗan'azumi ma aka raba masa goron kamfe. Bai gaya masa zancen masallaci ba. Cewa ya yi wani yaro duba-gari ya sa masa ido a kan masai, yana barazanar rufe masa gida. Mahbub ya yi dariya ya ce ai yanzu ba zamanin soja ba ne, ba mai rufe gidan Alhaji yana kan kujerar nan. Ya leƙa wani ofis ya dawo ya ce an gama.

Ya samu abin da ya je nema. Amma a cikin danfo, motar hayar Legas, a hanyar dawowa, sai ya ga bai rage komai ba. Masai na nan a toshe, daɓe na nan yadda yake, Asabar na tahowa.

Ran Laraba bayan sallar asuba ya tsaya har kowa ya watse, ya rage shi da liman, Malam Ja'afaru. Ya ce yana da tambaya, amma ba tasa ba ce. Wani mutum ne can Ojo, abokin cinikinsa, ya gina masallaci, daga baya aka gano ashe a kan ramin masai ya gina. Yaya sallar mutanen da suka yi ta yi a wurin?

Malam Ja'afaru ya ce in dai inda suke sa goshi mai tsarki ne, kuma ba su sani ba, sallarsu ta wuce, ba a ce su rama ba. Sai ya yi dariya yana gyara rawani.

"Amma Alhaji, wane irin baƙauye ne wannan? Mutum da idonsa ya kasa bambance masallaci da shadda?"

"Allah ya gafarta Malam, haka Allah ya yi shi."

"To ka gaya masa, rashin sani daban. In ya sani ya ci gaba da tara mutane a wurin, wannan kuma shi da Ubangijinsa."

Ɗan'azumi ya ce zai gaya masa. Ya shiga gida bai karya ba.

Iyatu ta lura. Ta ga mutumin da ba ya wasa da tuwo yana ture kwano, ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta rufe baki da mayafi. Da ta buɗe, ba ta tausaya masa ba. Ta ce ita fa tana cikin masu girkin bikin nan, kuma ba za ta tsaya tana tuƙa tuwo ba tana jiran ta ji ƙarar ruftawa a ƙofar gida. Ya ce mata ta yi shiru, maganar maza ce. Ta ce mazan ne za su faɗa ciki ai.

Ran Alhamis Ridwanu ya zo da yamma, cikin kaftani, ba kaki. Ya sami Ɗan'azumi a rumfar goro. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce ogansu ya kira shi ya ce ya cire hannu daga layin, an ba shi wata unguwa.

"To ka ji," in ji Ɗan'azumi, bai ɗago kai daga goron da yake tsincewa ba.

"Na ji, Baba. Ba zan zo da takarda ba. Amma ran Asabar in na ga kafet a wurin nan, zan tsaya a bakin titi in faɗa da Hausa da Yarabanci. In sun ga dama su kore ni daga aikin."

"Ni za ka tona wa asiri a gaban baƙi?"

"Wallahi ba na so. Shi ya sa na zo yau."

Bayan tafiyarsa Ɗan'azumi ya ci gaba da tsintar goro, yana jefa masu kyau cikin ruɓaɓɓu bai sani ba. Ya yi tunanin ya ce kwanon masallaci ke yoyo, a rufe don gyara. Amma kowa ya san bara ya canza kwanon. Ya yi tunanin ya yi tafiya Arewa ya bar su da abinsu. Wannan ma ya san ƙarya yake yi wa kansa, don duk inda ya je sai ya dawo, gidansa ne.

Ran Juma'a an sauko daga babban masallaci, an ci abinci, aka kira la'asar. Jama'a sun fi kullum yawa, don wasu dangin amarya sun riga sun iso. Malam Sale ya miƙe zai tayar da iƙama. Ɗan'azumi ya riƙe masa hannu. Ya juya ya fuskanci mutane, abin da bai taɓa yi ba a wurin.

"Kowa ya ɗauki takalminsa ya sauka titi. A hankali, ban da gudu."

Aka tsaya ana kallonsa. Wani ya tambaya ko wayar wuta ce ta tsinke.

"Ba wuta ba ce. Shadda ce. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarku ramin masan gidana ne, duk abin da ake yi a ciki nan yake taruwa. Ni na sa aka shafe murafun na gina muku masallaci a kai. Lokacin ban sani ba. An ce daɓen ya ciwu, yana iya ruftawa."

Sai aka fara sauka, manyan mutane da gemu suna tafiya a kan yatsu, kowa na tattare riga. Wani tsoho da ya kai titi ya tofar da yawu, ya sa hannun riga yana goge goshinsa da ƙarfi. Wani saurayi ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta.

Malam Ja'afaru ne ya sauka a ƙarshe. Ya tsaya a gaban Ɗan'azumi.

"Mutumin Ojo?"

"Ni ne."

"Yaushe ka sani?"

Nan ne ya so ya ce jiya. Bakinsa har ya buɗe. Sai ya hango Malam Sale yana kallonsa, ya tuna ɗansa ne ya buga dutsen.

"Tun ran Litinin."

"Tun Litinin kake tsayawa a bayana, kana jin ina cewa a daidaita sahu."

Liman bai ƙara ba. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Idi uban amarya ya matso. Ya ce shi yanzu yaya zai yi, ya gaya wa mutanen Ketu da na Mushin su zo masallacin Ɗan'azumi, wasu ma suna hanya, ba ta yadda zai tare su. Ya ce da tun Litinin ɗin aka gaya masa da ya san inda ya nufa. Ɗan'azumi ya ce ya yi haƙuri. Idi ya ce haƙuri ba wuri ba ne da za a zaunar da baƙi.

Wani tela da ke tsallaken titi ya janye kekunansa ya ba da barandarsa. Aka kwaso kwalaye da tabarmi daga gidaje, aka yi la'asar a nan, rabin sahu a kan titi, 'yan okada masu babur na kaucewa. Ba wanda ya taɓa kafet ɗin masallaci. Ɗan'azumi ya tsaya a sahun ƙarshe, kuma wannan karon ba wanda ya kira shi gaba.

Da aka idar ya aika wa Ridwanu cewa a turo motar.

An ce za ta zo ran Asabar da sassafe. Cunkoso ya riƙe ta sai da hantsi ya yi sosai. Ta ja da baya ta tsaya a ƙofar gidan, tanka ce mai tsatsa, ma'aikata uku suka diro da dogayen takalman roba suna jan tiyo mai kaurin cinya. Suka tambayi inda murafun suke. Ba wanda ya sani sai Ɗan'azumi. Ya naɗe kafet da kansa ya jingine a bango, ya tsaya yana tuna yadda wurin yake ranar da ya fara ganinsa. Ɗaya yana can wajen ƙofa. Ɗayan kuwa, da ya auna da ƙafa, daidai inda yake tsayawa bayan liman.

Ma'aikatan suka ce fasa siminti ba ya cikin aikinsu. Ɗan'azumi ya cire babbar riga ya karɓi guduma. Duk layin an fito, mata na leƙe ta taga, yara a kan katanga. Ridwanu na tsaye can gefe cikin kaftani.

Bugun farko siminti ya tsage. Da ya ƙara, ba murfin kaɗai ya tafi ba. Wani ɓangare na daɓen mai faɗin tabarma ya karye ya zurma ciki, shi kuma ya ja da baya da ƙyar, abin da ke ciki ya fantsamo masa har ƙirji. Warin da ya taso ya kori na kan katanga. Ma'aikatan ma sai da suka ja baya suna magana da Yarabanci.

Malam Sale ya toshe hanci ya matso ya leƙa. Bakin karyewar ya nuna komai. Simintin asali ya zama kamar garin ƙuli, rodin ciki ya koma ja, siriri. Ya sa yatsu biyu ya kama wani guntun rodi, ya karye a hannunsa kamar tsinke. Ya dubi guntun, ya dubi Ɗan'azumi, ya jefar, ya tafi neman ruwa.

Aka zura tiyo ta ƙofar masallaci, aka tayar da inji. Ana cikin haka baƙin biki suka fara sauka daga danfo, fararen kaya, sababbin huluna, suna tambayar masallacin Ɗan'azumi. Yara na nuna musu. Sai su tako su ga tiyo, su ji wari, su tsaya turus, kafin wani daga barandar tela ya ɗaga musu hannu.

Tankar ta cika, ramin bai yi rabi ba. Direban ya ce sai sun je sun zubar sun dawo, kuma kada a bar wurin ba kowa, don yara. Suka janye tiyo suka tafi. Ɗan'azumi ya duba ko akwai wanda zai ce ya tsaya masa ya je ya yi wanka. Kowa ya riga ya tsallaka, lokacin azahar ya yi. Iyatu na cikin gida wajen tukwane.

Ya jawo benci ya ajiye a bakin ramin, ya samo sanda, ya zauna. Malam Sale ya kira salla daga barandar tela da bakinsa kawai. Yara biyu suka matso za su leƙa, ya daka musu tsawa suka gudu. Daga inda yake yana ganin bayan mutane, sahu ya cika baranda ya sauko titi ya kai har bakin kwata. Ya ji liman ya yi kabbara.

Wani dattijo da ya makara ya sauka daga okada da sauri, yana riƙe da gefen rigarsa. Ya ga mutum zaune da singileti, jiki duk ƙazanta, ya ɗauka ɗaya daga masu kwasa ne.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Ina ne masallacin Ɗan'azumi?"

"Nan ne. Amma salla can ake yi."

Dattijon ya dubi ramin, ya dubi kwanon da bangon, ya kai hannu hanci ya sauke don kada ya yi rashin kunya. Ya ce shi kawun ango ne daga Ketu. Ya daɗe yana jin labarin Alhajin da ya gina wa mutane masallaci shi kaɗai, yana so in an idar a nuna masa shi su gaisa. Ko yana cikin sahun can?

"Ba ya can. Ni ne."

Sai dattijon ya miƙo hannu, don bai san abin da zai yi ba in ba haka ba. Ɗan'azumi ya dubi nasa hannun, ya mayar da shi kan gwiwa.

"Bari, Alhaji. Yi sauri ka tsallaka, sun kusa ruku'u."